Mu tara ne a gida: wa ake ƙirgawa idan ana neman tallafin kuɗin renon yara a Amurka?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Na samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu, zan fara wata mai zuwa in sha Allah, kuma ina son neman tallafin gwamnati na biyan kuɗin gidan raino. Fom ɗin ya ce a rubuta mutanen gida da abin da kowa yake samu. Mu tara ne: ni, maigida (direban tasi ne), 'ya'yanmu uku masu shekara 9 da 4 da jaririya 'yar wata 5, ɗan maigida na wajen matarsa ta farko mai shekara 19, ƙanin maigida da yake aiki a wani sito yana ba mu kuɗin ɗaki, 'yar yayata mai shekara 7 da nake riƙo, sai mahaifiyata da ta zo daga Kumasi taya ni jego. Maigida yana da wasu 'ya'ya biyu a Kumasi da yake aika wa kuɗi duk wata. Wata ƙawata ta ce kada in rubuta ƙanin maigida don albashinsa zai hana mu samu. Wata kuma ta ce shi kansa maigidan in cire shi, tunda a masallaci kawai aka ɗaura mana aure. Wa zan rubuta, wa zan bari?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Barka da arziki, Allah ya raya jaririya, ya sa albarka a sabon aiki.

Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, wa za ki rubuta a fom. Ta biyu, cikin waɗanda kika rubuta, su wa ofis zai ƙirga a matsayin iyalinki ya kuma lissafa kuɗinsu. Ƙawayenki sun cakuɗa biyun ne, shi ya sa shawararsu ta karkace. Amsar ta farko gajeriya ce: duk wanda yake kwana a gidan nan, idan fom ya tambayi mazauna gida, ki rubuta shi, ki faɗi dangantakarsa da ke da kuma yaran. Rubuta sunan mutum ba shi ke sa a lissafa albashinsa ba. Doka ce take ware wanda ake ƙirgawa, kuma a gida irin naku dokar New York ta fi sauƙi a kanku fiye da yadda ƙawarki take tsoro. Aikina shi ne taya iyalai 'yan Afirka ta Yamma cike irin waɗannan takardu da yi musu tafinta a ofisoshi, yawanci a nan New York, don haka abin da zan faɗa ya fi ƙarfi a kan wannan jihar.

Inda kuɗin yake fitowa

Yawancin tallafin nan daga wani asusun gwamnatin tarayya yake fitowa, wanda ake kira CCDF. Tushensa dokar 1990 ce, aka sake masa fasali a 1996 lokacin da aka yi wa tsarin tallafin marasa ƙarfi garambawul, aka sabunta dokar a 2014. Tarayya tana ba jihohi kuɗi tare da wasu iyakoki: yaron ya kasance bai kai shekara 13 ba (jiha tana iya kaiwa ƙasa da 19 ga yaro mai lalurar da ba ya iya kula da kansa), kuɗin shigar iyalin kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na matsakaicin abin da iyali mai yawan mutane irin nasu yake samu a jihar, dukiyarsu kada ta haura dala miliyan 1, kuma iyayen su kasance suna aiki ko karatu ko koyon sana'a. Amma tarayya ba ta zayyana wa jihohi su wane ne "iyali" ɗaya bayan ɗaya ba. Ta dai ce uwa ko uba ya haɗa da na jini, na aure, wanda ya ɗauki yaro ta kotu, waliyyin da kotu ta naɗa, da duk wanda yake tsaye a matsayin iyaye. Sauran ta bar wa kowace jiha. Don haka idan 'yar uwarki da ke Houston ko Columbus ta ba ki labarin yadda aka yi mata, gaskiya ta faɗa, sai dai ba lallai ya zama haka a Bronx ba.

Wani abin da yake rikita mutane shi ne kowane tallafi da nasa ma'aunin. Tallafin abinci na SNAP yana duba su wa suke sayen abinci tare suna dafawa tare, kuma ɗan da bai kai shekara 22 ba dole a haɗa shi da iyayensa muddin gida ɗaya suke. Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, ya fi bin takardar haraji, wato wa ya sa wa a cikin waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Tallafin raino kuwa abin da ya dame shi shi ne wa doka ta ɗora wa ciyar da wannan yaron, kuma yana zaune tare da shi. Mace ɗaya tana iya zama iyali mai mutum takwas a ofishin abinci, ta zama mai mutum biyar a ofishin raino, kuma ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Me ya sa yawan mutanen yake da muhimmanci

Duk wanda aka ƙirga yana yin abu biyu: yana ɗaga iyakar kuɗin da aka yarda iyalin su samu, yana kuma shigo da nasa kuɗin cikin lissafi. Ma'aunin da jihohi da yawa suke bi yana ɗaukar iyali mai mutum huɗu a matsayin 100. Mutum biyu 68 ne, uku 84, biyar 116, shida 132. Daga nan kowane ƙarin mutum maki 3 kacal yake ƙarawa. Kin ga na shida yana da daraja sosai a lissafi, na bakwai da na takwas kuwa ɗan abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Na sha ganin masu dogewa a kan sai an ƙirga musu kowa da kowa, suna zaton yawan kai shi ne samu, alhali da an biye musu an haɗa da albashin baligi ɗaya mai aiki, da sun fita daga layin gaba ɗaya.

Maigida

Nan ne na fi so ki saurare ni da kyau, domin shawarar da aka ba ki a kansa ita ce mai hatsari. A dokar New York, manya biyu da suke zaune gida ɗaya kuma suna da ɗa tsakaninsu, iyali ɗaya ne, da takardar aure ko babu. Ofis bai damu da inda aka ɗaura aure ba. Sunansa yana kan takardar haihuwar yaran nan uku, yana kwana a gidan, magana ta ƙare: ana ƙirga shi, ana lissafa abin da yake samu. Kusan ko'ina a Amurka haka abin yake ga mahaifin da yake zaune da 'ya'yansa.

Na san dalilin da ya sa mata suke faɗawa wannan tarko. Kuɗin gidan raino na jariri a birnin nan yana iya cinye yawancin albashin mai aikin kula da tsofaffi, kuma kowa ya san wata da "ta yi haka ba abin da ya faru". Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Adireshin maigida yana kan lasisinsa na tuƙi, yana kan inshorar mota, yana kan takardar haraji, wataƙila yana kan yarjejeniyar haya, yana kuma cikin takardun makarantar babban yaronku. Ranar da aka haɗa waɗannan, za a nemi ki mayar da duk abin da aka biya gidan raino a madadinki, ana iya dakatar da ke daga shirin, kuma idan kuɗin ya yi yawa maganar tana iya kaiwa kotu a matsayin zamba. Ga wanda yake fatan katin zama na dindindin ko zama ɗan ƙasa, irin wannan tabo ya fi kuɗin rainon tsada nesa ba kusa ba.

Kuma sau da yawa ɓoyewar ba ta da wani amfani tun farko. Tun Oktoban 2023 New York ta ɗaga iyakarta zuwa kashi 85 ɗin nan da tarayya ta yarda, wato mafi girman abin da doka ta bari. Iyalai da yawa masu aiki su biyu suna shiga ƙarƙashinta cikin sauƙi. Ƙari a kan haka, direban da yake aikin kansa ba duk abin da ya shigo hannunsa ake lissafawa ba. Ana cire kuɗin da sana'ar ta ci bisa ƙa'idar ofis, sai a duba abin da ya rage. Abin da zai taimake ku shi ne takardar harajinsa ta bara da lissafin abin da ya samu a watannin baya-bayan nan, a rubuce, da rasidai. Idan kuwa ma'aikacin kamfani ne mai karɓar albashi, jimillar albashin kafin a cire haraji ake dubawa, ba abin da ya faɗa asusun banki ba.

Tunda ku biyu ne a gida, ku biyun ake so a ga dalilin da ya hana ku zama da yaran. A birnin New York aikin awa 10 ko fiye a mako yana isa, haka ma karatu ko neman aiki. Texas ta fi tsanani: awa 25 ga uwa ko uba shi kaɗai, awa 50 a haɗe ga ma'aurata.

Akwai tambayoyin da suke biyo bayan wannan kullum, bari in amsa su tun kafin a yi. Idan maigida ya tafi gida wata biyu ko uku, ko direban babbar mota ne da yake kwana a hanya, ana ƙirga shi, domin tafiyar wucin gadi ba ta fitar da mutum daga iyali. Idan an yi saki amma matar tana idda a gidan kuma shi ma yana nan, har yanzu ana ƙirga shi, tunda uban yaran ne kuma bai tashi ba. Sai ranar da ya koma wani adireshi da gaske ne lissafi zai sauya, a lokacin kuma kuɗin ciyarwar da yake bayarwa zai shiga cikin kuɗin shigar uwar.

Ƙanin maigida

Ki rubuta shi, hankalinki kwance. Ba uban yaran ba ne, doka ba ta ɗora masa ciyar da su ba, don haka a New York shi iyalin kansa ne dabam ko da tukunya ɗaya kuke ci. Albashinsa na sito ba ya shiga lissafinku.

Abin da zai iya shiga shi ne kuɗin ɗakin da yake ba ku. Dokar jihar tana ɗaukar abin da ɗan haya ko mai kama ɗaki yake biya a matsayin kuɗin shiga. Akwai bambanci tsakanin wanda sunansa yake cikin yarjejeniyar haya yana biyan kasonsa ga mai gida, da wanda yake miƙa muku kuɗi a hannu kuna biya. Ki faɗa wa ma'aikaciyar yadda abin yake, adadin da kuma inda kuɗin yake tafiya. Ɗan kuɗin ɗaki da wuya ya zama shi ne zai fitar da iyali mai mutum biyar ko shida daga iyaka.

Ɗan maigida mai shekara 19

Da bai kai 18 ba, da babu gardama, yana cikin iyali. A tsakanin 18 da 20, a New York akwai tsarin da ake ƙirga irinsa idan ƙirgawar za ta amfani iyalin kawai. Lissafin da na kawo a sama ya nuna miki yadda abin yake. Idan ɗalibi ne ba ya samun komai, shigarsa tana ɗaga ku daga 116 zuwa 132, riba ce tsantsa. Idan kuwa yana aiki cikakke, albashinsa yana iya wuce abin da ya ƙara. Ki je da takardar makarantarsa ko ta albashinsa, ki tambaya kai tsaye ko za a sa shi, kuma me zai sauya idan an sa shi.

'Yar riƙo

Riƙo a wajenmu ba ya buƙatar takarda. Yaya ta miƙo ɗiya, ƙanwa ta karɓa, ta zama 'yar ɗaki. Ofis kuwa yana neman ya san a wane matsayi take hannunki, kuma abin da zai ba ki mamaki shi ne dokar tana tausaya wa mai riƙo. A New York, yaron da yake zaune da waɗanda ba iyayensa ba, ba kuma waliyyan da nauyin ciyar da shi ya hau kansu a doka ba, shi kaɗai ne iyalin kansa. Ma'ana ba za a lissafa albashinki ko na maigida a kanta ba, sai abin da yake nata, kamar kuɗin da mahaifiyarta take aiko mata. Kalifoniya ma tana da makamanciyar wannan ƙa'ida: yaron da ba ya tare da iyayensa, shi da 'yan uwansa na jini su ne iyalin. Hikimar a fili take, ba a so mutum ya ƙi karɓar ɗan ɗan'uwansa don tsoron kuɗin raino.

Hakan yana nufin ba za ta ƙara yawan iyalinku ba, amma tana iya samun nata tallafin na bayan tashi daga makaranta da lokacin hutu, tunda ke mai riƙonta kina aiki. Za a so ganin abin da ya nuna tana hannunki: wasiƙar mahaifiyarta da aka buga wa hatimin shaida, takardar makaranta mai adireshinki, ta asibiti mai sunanki. Idan kina tunanin zuwa kotun iyali a naɗa ki waliyyiyarta, abu ne mai kyau saboda makaranta da asibiti, amma ki tambaya tukuna ko zai sauya yadda ake lissafa ta.

Sharaɗi guda ya rage a kanta, wanda ya shafi dukkan yaran. Kuɗin tarayya na yaron da yake ɗan ƙasa ne, ko wanda yake da irin izinin zaman da doka ta amince da shi, kamar katin zama na dindindin ko matsayin ɗan gudun hijira. Matsayin yaron kaɗai ake dubawa, ba na iyaye ba. Yaron da aka haifa a nan ya cancanta ko da iyayensa ba su gama gyara takardunsu ba. Amma idan yarinyar da bizar ziyara ta shigo, ki nemi wasu hanyoyin, kamar shirye-shiryen bayan makaranta na kyauta da birnin yake gudanarwa.

Hajiya da yaran Kumasi

Mahaifiyarki baƙuwa ce, ba a ƙirga ta, kuma zamanta a gidan bai zama hujjar a ce muku ai kuna da mai raino ba, domin iyaye ake dubawa. Ko da zama ta zo yi, a New York kaka ba ta cikin iyalin jikokinta muddin iyayensu suna nan. A Texas dabam ne: baligin da yake zaune a gidan kuma aka sa shi a takardar haraji cikin waɗanda ake ɗauke da nauyinsu, ana ƙirga shi.

Za ki ji ana cewa gwamnati tana biyan kaka kuɗin rainon jikokinta. Gaskiya ne, dokar tarayya ta yarda a biya kaka, gwaggo, inna, kawu ko baffa mai shekara 18 zuwa sama, har da yaya ko wa idan ba gida ɗaya suke da yaron ba. Sai dai wannan aiki ne na albashi, kuma bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki. Kada ku sa sunan Hajiya a wannan tsari. Abin da za a samu bai kai a rasa bizarta ta gaba ba.

Su kuma yaran Kumasi ba sa shiga, tunda ba a gidan suke ba, kuma kuɗin da maigida yake aika musu bisa raɗin kansa ba a cire shi daga lissafi. Wannan yana yi wa mutanenmu ciwo, ni ma ina ganin ma'aunin bai san irin nauyin da ɗan ci-rani yake ɗauke da shi ba: mutum yana ciyar da gida biyu ko uku, takarda tana nuna gida ɗaya. Amma haka dokar take. Ga masu karatu da maigidansu yake da wata matar a gida, ita ma ba mazauniyar gidan ba ce, ba ta cikin wannan fom. Auren mace fiye da ɗaya yana da nasa hukunci mai nauyi a dokar shige da fice ta Amurka, wannan kuwa magana ce ta lauya.

To idan aka tattara, iyalinku a idon ofis mutum biyar ne, ko shida idan an sa saurayin. 'Yar riƙo tana da nata lissafin. Ƙanin maigida da Hajiya suna kan fom amma ba sa cikin ƙirga.

Bayan an miƙa fom

Idan an amince, dokar tarayya ta ba ku aƙalla wata 12 kafin a sake dubawa. A cikin wannan lokaci ƙarin albashi ba ya katse tallafin sai idan ya tsallake kashi 85 ɗin nan, wanda dole ne ki sanar. Idan aiki ya tsaya, ana ba da aƙalla wata 3 na neman wani. Sauyin da zai amfane ki, kamar ƙarin haihuwa ko raguwar albashi, ki kai shi da wuri don a rage kason kuɗin rainon da kike biya daga aljihunki. Idan wani ya shigo gidan ko ya fita, ki duba takardar amincewar, tana faɗin abin da ake so a sanar da kuma cikin kwana nawa.

Cancanta ba ta nufin samu nan take. Kuɗin shirin yana da iyaka, kuma hukumar ACS da take kula da baucan raino (takardar da ake biyan gidan raino da ita) a birnin tana sa sababbin masu nema a layin jira idan ya gaza. Ki miƙa takardunki yanzu, kada ki jira ranar fara aiki. Ɗanki mai shekara 4 ma wataƙila ba ya buƙatar baucan don safiya, domin birnin yana da ajin share fage na kyauta ga 'yan shekara 4 ba tare da duba albashi ba. Jaririyar ce babbar buƙata, ki tambayi Early Head Start na unguwarku, shirin gwamnati na kula da jarirai da ƙananan yara, duk da cewa iyakar kuɗin shigarsu ta fi ƙasa sosai.

Ni ba lauya ba ce, kuma ƙa'idojin nan suna sauyawa, musamman abin da ya shafi karɓar tallafi da neman katin zama. Idan akwai wanda takardunsa suke gaban hukumar shige da fice a gidanku, ku ga lauyan wannan fanni kafin ku sa hannu. Akwai ƙungiyoyin da suke yin wannan kyauta a Bronx. A ofis kuma ki nemi tafintan Hausa, haƙƙinki ne kuma ba a biya, kada ki bar yaronki mai shekara 9 ya yi miki fassarar maganar albashi da aure. Idan aka hana ku, ko kika ga an lissafa albashin ƙanin maigida bisa kuskure, ki nemi a ba ki hukuncin a rubuce tare da adadin mutanen da aka ƙirga da kuɗin da aka lissafa. Kina da damar neman a saurari ƙorafinki a gaban alƙalin hukuma na jiha, kuma a New York kwana 60 ake bayarwa daga ranar da ke kan takardar.